Gwafar Waya

Gidan kakannina na can saman tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da goma sha ɗaya daga titi.
Ta taga kana hango jiragen ruwa sun yi layi.
Shekara talatin da huɗu Kaka Anselmo ya yi a tashar nan
yana tuƙa injin ɗaga kaya,
ƙarar ƙarfe ta cinye masa kunnuwa kaɗan-kaɗan
yadda gishirin teku ke cin kwanon rufi.

Duk Lahadi da ƙarfe biyar
Tobías ke kira daga kudu, inda yake kiwon kifi a keji,
autansu, wanda bai iya gajarta zance ba.
In murya ta fito ta lasifika,
Kaka Herminia ta ji, ta amsa, ta tafa,
tsoho kuwa sai kallon leɓɓa,
yana gyaɗa kai inda ba a gyaɗawa.
In ya cusa wayar abin kunnensa a ramin gaba,
lasifika ta yi gum kamar an ɗauke wuta,
ya sha dariyarsa shi kaɗai,
ita ta tsaya da tawul a hannu: "Me ya ce? Me ya ce?"
Ya ce, "Yana lafiya."
Hirar minti arba'in, ya dunƙule ta a kalma biyu.

Wata bakwai suna rabon ɗa kamar masu bargo ɗaya,
in wannan ya ja, wancan ya kwana da sanyi.

Ran Asabar na hau ina haki,
a aljihuna 'yar waya da ba ta kai tsawon tafi ba,
ƙafa ɗaya, baki biyu, gwafa sak.
Kusa da kasuwar kifi na saye ta,
kuɗinta bai kai na kofi biyu ba.
Na rarrafa ƙarƙashin tebur, tocila a haƙora.
Yanar gizo, maɓallin riga, wani biro da aka daɗe ana nema.
Ramuka uku a bayan akwatin: shuɗi, kore, ruwan hoda.
Na fara da ruwan hoda. Shiru.
Ashe wannan na mai magana ne, ba na mai sauraro ba.
Kore ne. Ƙas, ta shiga.
Lasifika a baki ɗaya, abin kunne a ɗayan.

Muka gwada da kiɗa.
Kafin tsoho ya ce ya ji,
kofuna sun fara rawa a kabad,
kyanwa ta tsere, maƙwabciya ta bugi bango.
Rijiya ɗaya ce, amma ƙishin ba ɗaya ba.
Na ƙure muryar kwamfuta saboda shi,
na murɗa ta lasifika ƙasa saboda ita,
na ɗiga jan-farce daidai wurin
don kada wani ya taɓa.

Lahadi, biyar saura kwata,
ya taje gashi, ya zauna, abin kunne a ka.
Tobías ya bayyana, hanci ja wur don sanyi,
ya kama labarin tsuntsun teku
da ya fizge masa burodi daga hannu.
Dariya biyu suka tashi tare,
tasa mai kauri, tata siririya.

Ita ta ji tasa. Shi bai ji tata ba.
Ta wutsiyar ido ya ga kafaɗunta na girgiza,
sai ya ture soson kunnen hagu baya,
ya karkata wajenta:
ɗa a dama, mata a hagu.

Ban san me kunnen hagun nan ke kamawa ba,
likita ya ce kusan babu.
Na zame ban yi sallama ba,
gwiwoyin wandona har yanzu baƙi ƙirin.
Sai a matakala ta sittin na tuna
tun jiya tocilata na ƙarƙashin tebur,
a kunne.